Bayan an kama mai laifi, sai me?



Yau ba sanarwar taro na kawo ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fitar da ita a nan inda manya da yara duk suke leƙowa. Ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Waɗanda suka halarci taronmu na wata Lahadi a bara, bayan La'asar, za su tuna yaron da aka shigo da shi an riƙe masa wuyan riga. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa da na mahaifiyarsa kafin na yi wannan rubutu. Ɗan marigayi ne, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar nan. An kama shi ya cire batirin sola na masallacin layinmu ya sayar. Kafin nan akwai wayar wani bawan Allah, akwai kuma kuɗin adashen mahaifiyarsa. Babu wanda ya tambayi dalili, don kowa ya sani: tiramol.

Shawara uku aka kawo a ranar. Wasu suka ce a zane shi, wasu suka ce a miƙa shi caji ofis, mafi yawa suka ce a nemi tirelar da ta sauke shanu a Abbatuwa ta Oko-Oba za ta koma Arewa, a ɗora shi, can ya je ya ƙarata da danginsa. A kan ta ukun aka tsaya. Shugaba ya dube ni ya ce, "Sakatare, rubuta. Ka kuma yi wa baffansa takarda." Na buɗe littafin ƙungiya na rubuta sunansa, a gaban sunan na sa "a mayar da shi gida". Da dare ina gyara bayanan taro sai na waiwaya shafukan baya, na tarar da sunaye huɗu irin nasa cikin shekara shida, duka da rubutun hannuna. Tun ranar da aka ɗora su a mota babu wanda ya sake tayar da zancensu a taro, har da ni.

Takardar baffan nan sai da ta yi mako biyu ban rubuta ta ba. Abin da ya riƙe mini hannu, ko ku yarda ko ku yi dariya, littattafai ne.

Ni mutum ne mai son labarin 'yan sanda da ɓarayi tun ina sakandare. Na karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Lokacin da nake difloma kuwa, James Hadley Chase muke ta karɓa-karɓa a ɗakin kwana har bangon littafi ya yage. Da na zo Ikko aiki da iyali suka ci lokaci, sai dai jefi-jefi in tsaya wajen masu tsofaffin littattafai a Ikeja ko Yaba in ɗauki ɗaya na karantawa a danfo idan gosulo ya riƙe mu.

'Yata ce ta dawo da ni karatu gadan-gadan ba tare da ta yi niyya ba. Wani dare na fito wajen ƙarfe ɗaya na ga hasken waya a ƙarƙashin mayafinta. Na karɓe wayar da faɗa, zuciyata ta kawo mini abubuwa iri-iri. Da na duba sai na ga zane-zane ne baƙi da fari, mutane na magana a cikin wasu 'yan da'irori kusa da bakinsu. Ta ce sunansa manga, labaran zane ne na ƙasar Japan da aka fassara zuwa Turanci. Na fara karantawa na kasa gane kan zancen. Ta ce, "Baba, ai daga dama ake farawa." Na ce mata, to ai ni da wannan hannun na fara karatu a makarantar allo. Wayar da na ce zan riƙe kwana uku ta yi mako guda a hannuna, kuma ba don horo ba.

Wanda take karantawa sunansa Death Note, ya fito tsakanin 2003 da 2006. Labarin wani ɗalibi ne mai ƙwaƙwalwa, Light Yagami, ɗan wani babban ɗan sanda, wanda ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu. Sai ya ɗaura aniyar share masu laifi daga duniya. Da farko mai karatu na iya samun kansa yana goyon bayansa, don wa ke son mugu? Amma a hankali sai a ga alƙalamin ya wuce kan masu laifi ya koma kan duk wanda ya tsaya masa a hanya, har ya fara ɗaukar kansa abin bauta, wa'iyazu billahi. Na zaunar da yarinyar na nuna mata inda tatsuniyar ta saɓa wa aƙidarmu, cewa rai da mutuwa a hannun Allah kaɗai suke. A nan zan ja hankalin iyaye: ba kowane manga ne ya dace da yaro ba, akwai masu tsiraici da zubar da jini fiye da kima, don haka a riƙa dubawa. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutum ne zaune a ɗaki da littafi da biro, yana rubuta sunayen mutanen da bai taɓa zama ya saurare su ba, yana jin cewa gyara yake yi. Sai na tuna nawa littafin da ke cikin jaka.

Na biyun da ta nuna mini ya fi na farko nauyi. Sunansa Monster, na Naoki Urasawa, juzu'i 18, an buga shi daga 1994 zuwa 2001. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Japan, Dakta Tenma, yake aiki a birnin Dusseldorf na Jamus. Aka kawo yaro da harbi a ka, can kuma aka kawo magajin gari, shugabannin asibiti suka ce ya bar yaron ya koma kan babban mutum. Ya ƙi, don a wurinsa rai duk rai ne. Magajin gari ya mutu, likita ya rasa matsayinsa, bayan shekara tara kuma ya gano yaron da ya ceta ya zama makashi. Duk tsawon labarin tambaya ɗaya ke bin likitan: shin kuskure ya yi da ya ceci wannan rai?

A tsakiyar labarin akwai wani tsohon ɗan sanda mai suna Richard Braun. Giya ta raba shi da aikinsa da matarsa da 'yarsa, bayan ya harbe wani matashi. Ya daina sha, yana zuwa wajen likita, yana ƙirga kwanaki, burinsa kawai a bar shi ya ga 'yarsa. Makashin nan bai ɗora masa bindiga ba. Magana ya yi ta gaya masa a kan laifinsa na baya har ya karya masa zuciya, sannan ya miƙa masa kwalba. Wannan wurin na karanta shi ya fi sau uku. Mu ma fa haka muke yi wa wanda ya tuba. Ya yi wata uku bai sha ba, ya shigo majalisa, sai wani ya ce a ɓoye wayoyi ga ɗan ƙwaya nan, a yi dariya. Mu a wurinmu raha ce.

Daga nan ne na koma neman littattafan da masu shaye-shaye ko iyayensu suka rubuta da bakinsu. Wanda na taɓa sani tun da daɗewa shi ne tarihin Malcolm X, wanda ya fito a 1965. Kafin duniya ta san shi, ya sayar da wiwi, ya sha hodar iblis, ya yi fashin gidaje, ya yi zaman kurkuku. Mutumin nan shi ne ya yi aikin Hajji a 1964, kuma a shekarar ya zo Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan. Da a taronmu aka kawo shi yana ɗan shekara ashirin, na san abin da za a ce in rubuta a gaban sunansa.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne Beautiful Boy, na wani ɗan jarida Ba'amurke, David Sheff, wanda ya fito a 2008. Ɗansa Nic ya faɗa shan wata ƙwaya mai kama da ƙanƙara, irin wadda ake kira mkpuru mmiri a kudancin ƙasar nan. Shi ma ɗan ya rubuta nasa littafin mai suna Tweak. Abu ɗaya ne ya faru, amma baki biyu suka ba da labari. Uban ya faɗi yadda yake kwana ido biyu yana jiran waya ta yi ƙara, bai sani ba daga asibiti za a kira ko daga wajen 'yan sanda. Ya faɗi ranar da Nic ya sace 'yan kuɗin da ƙaramin ƙanensa yake tarawa a asusu. Ɗan kuma ya faɗi yadda yake kallon kansa yana aikata abin, yana ƙyamar kansa, amma jikinsa ya fi ƙarfinsa. An kai shi gidan jinya ya fito ya koma ruwa, an sake kai shi ya sake komawa. Ko bayan littafinsa ya fito ana yabo sai da ya sake zamewa, ya kuma rubuta wani a 2011 ya faɗi hakan. Yaron nan ba talauci ne ya sa shi ba, ba kuma rashin gata ba.

Akwai ma wanda ya haɗa biyun, wato manga ne kuma labarin kai ne. Wani mai zane ɗan Japan, Hideo Azuma, ya gudu ya bar iyalinsa da aikinsa har sau biyu, a 1989 da 1992. Ya kwana a daji, ya ci daga bola, ya yi aikin haɗa bututun gas, a 1998 kuma giya ta kai shi gadon asibiti. Ya zana duk wannan a littafin Disappearance Diary na 2005, ya zana kansa ɗan guntu mai ban dariya, bai nemi tausayi ba, bai kuma yi alfahari ba. Sai dai ba duk mai irin wannan rubutu ne mai gaskiya ba. Wani James Frey ya sayar da littafinsa kamar me, sai a 2006 aka gano ya ƙara gishiri da yawa a labarin, ya zo gaban talabijin yana ba da haƙuri. Don haka a nan ma sai da tankaɗe da rairaya.

Ga abin da na fahimta bayan duk wannan karatu. Labarin 'yan sanda da ɓarayi tambayarsa ita ce wa ya aikata. Da an kama shi littafi ya ƙare, mai karatu ya yi ajiyar zuciya ya kashe fitila. Labarin mai shaye-shaye kuwa tun shafin farko an san wanda ya aikata, shi da kansa yake faɗa. Tambayar da ta rage ita ce wa zai zauna da shi gobe da safe, lokacin da jikinsa ke rawa yana zufa yana kuka. Taronmu na ranar Lahadin nan irin littafin farko muka yi. Mun kama, mun yanke, mun rufe littafi. Alhali matsalar da ke gabanmu irin ta littafi na biyu ce.

Kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 4.6 masu shan irin su tiramol ne, miliyan 2.4 masu shan maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Yankin da muke zaune, Kudu maso Yamma, shi ne kan gaba, amma Arewa ma ba ta tsira ba. Kowa ya tuna binciken BBC na 2018 a kan kodin, wanda ya nuna halin da matasan Kano suke ciki, har gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. To yaron da muka ɗora a tirela, ina muka kai shi? Mun dai kawar da shi daga idonmu ne, ƙwaya kuwa tana can tana jiransa a tasha. In kuma dangi sun gaji, sai gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

A mako na biyu na je na sami yaron a bayan shagon da yake kwana. Ban je da wa'azi ba, na ce masa kawai ya gaya mini yadda aka fara. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, wallahi ba don daɗi na fara ba." Acaɓa yake yi tsakanin Ogba da Pen Cinema, daga asuba har goman dare, ga balas na mai babur kullum. Bayansa ya riƙe, abokin aiki ya ba shi rabin ƙwaya, ranar ya yi aiki bai ji gajiya ba. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama uku. Likita idan zai ba da tiramol, mai lamba 50 ko 100 yake rubutawa, na 'yan kwanaki. Wadda ake sayar wa yaranmu a lungu mai lamba 225 ce. Jiki yana sabawa da ita, sai an ƙara kafin a ji abin da aka ji jiya, kuma idan ta yi yawa tana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Shi ma sau biyu ta kayar da shi, aka ce aljanu ne. Da aka hana acaɓa a ƙaramar hukumar Ikeja a Yunin 2022, bai daɗe ba ya rasa babur ɗin, sana'a ta tafi ta bar shi da ƙwaya. Ya ce ya gwada dainawa ya fi a ƙirga. Kwana na biyu ƙasusuwa su ɗau ciwo, ga zawo, ga zufa, barci ya gagara, sai ya ji in bai sha ba mutuwa zai yi. Abin da ya faɗa mini kusan shi ne abin da na karanta daga bakin ɗan Baturen can na Amurka.

Na koma wajen Shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ban rubuta ba, ina roƙon a ba ni wata uku." Ya yi shiru, sannan ya ce in yaron ya sake ɗaukar ko allura ce a wuyana. Na ce na ji. Mutum uku suka taimaka da kuɗin mota da na magani, Allah Ya saka musu. Muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, inda ake da sashen masu shaye-shaye. Mahaifiyarsa ta yi ta kuka tana cewa ɗanta ba mahaukaci ba ne, sai da aka fahimtar da ita cewa ba masu taɓin hankali kaɗai ake dubawa a can ba.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan wata biyu ya koma ya sha. Ranar da na ji, raina ya ɓaci har na ɗauko biro. Abin da ya tsayar da ni shi ne na riga na karanta wannan shafin a littattafan can. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan zame su koma, kwatankwacin yadda mai hawan jini ko asma yakan koma ciwo. Ba mu taɓa korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa ba. Muka mayar da shi wajen likita. Yau wata bakwai ke nan bai sha ba, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito a nan Ogba, ya kuma biya rabin kuɗin batirin. Ban ce ya warke ba. Kullum da safe yakan turo mini saƙo da adadin kwanakin, ni kuma in amsa da Alhamdu lillahi.

Na san wani zai ce, Sakatare, ai addini ya hana mutum tona asirin kansa, me ya kai mu ga littattafan masu fallasa zunubinsu? Maganar tana da tushe, kuma malamanmu da ke wannan zaure sun fi ni sanin iyakarta. Ni dai a ɗan sanina, mai bugun ƙirji da saɓo daban, wanda ya faɗa rami ya fito yana nuna wa na baya inda ramin yake daban. Malamai sun karantar da mu cewa giya ma ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki aka bi. Sun kuma karantar da mu labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Mu Hausawa ba mu rasa gargaɗi ba. Tun zamanin Mu'azu Haɗeja da waƙarsa ta Giya ake ja mana kunne, ga wa'azi, ga finafinan Kano. Abin da ban taɓa riƙewa a hannuna ba shi ne littafin Hausa da wanda ya sha ya daina ya rubuta da kansa, ko uwar da ta yi jinyar irin wannan ɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke tasha yau ya ji wa'azi har ya haddace, abin da bai ji ba shi ne muryar wanda ya san ciwon kwana na biyu kuma ya wuce shi.

Don haka ina roƙon abu uku, a tattauna su a taro mai zuwa. Na ɗaya, kada mu sake yanke wa yaro hukuncin tirela sai an wakilta mutum biyu sun zauna da shi sun ji ta bakinsa. Wanda ya yi sata ya biya, wannan babu sassauci, amma biya daban, jinya daban. Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimako don kai irin waɗannan yara asibiti, ko Yaba ko Aro ta Abeokuta. Hukumar NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040. Na uku, duk wanda ya bi ta wannan hanya Allah Ya fitar da shi, namiji ko mace, ko iyayen da suka sha wannan ɗaci, in yana so ya ba da labarinsa ya same ni a keɓe. Ni zan rubuta, zan cire suna da duk abin da zai sa a gane shi, ba kuma za a sa a shafin nan ba sai ya ji ya amince.

Sunaye huɗun nan na baya kuma na fara bin sawunsu. Na sami lambar dangin biyu. Wanda ya san hanyar da za a sami sauran, don Allah ya yi mini magana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Inda na yi kuskure a yafe mini.

Naku,
Sakataren Ƙungiya,
Ogba, Legas.